Baƙon da Ya Fi Ƙarfin Mai Gida

Ina adawa da masu kiran jan jatan lande na Luwiziyana alheri ga ƙasar Masar. Asalin wannan halitta mai ƙahonin cizo irin na ƙaguwa kudancin Amurka ne da arewacin Meziko. A farkon shekarun 1980 aka kai ta Masar domin kiwo, ta kuɓuce ta faɗa kogin Nilu, ta bazu har cikin dausayin da kogin ke rarrabuwa kafin ya shiga Bahar Rum.

Masu kare ta suna da hujja biyu. Ta farko, tana cinye katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Ta biyu, ana sayar da ita ga ƙasar Sin a samu kuɗin waje. Duka gaskiya ne. Sai dai ina tambaya: wa ke cin ribar, wa kuma ke biyan bashin?

Masunci ne ke biya, domin tana yayyaga masa taru, ta ɓata kifin da ya kama, ta cinye ƙwan da zai zama kifin baɗi. Manomi ma yana biya, domin tana haƙa ramuka a gaɓar magudanan ban-ruwa har su zabtare. Ribar kuwa tana tafiya ga mai masana'anta da dillali.

Batun tsargiya shi ya fi yaudara. Bakin da ke cin katantanwa ba ya zaɓe: yana haɗawa da tsirran ruwa da 'ya'yan kwaɗi. A tafkin Naibasha na Kenya, inda aka zuba ta a 1970, bado ya kusa ƙarewa. Tarayyar Turai ta sa ta cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna a 2016. Tsargiya tana da magani, ana kuma kauce mata da tsaftataccen ruwa. Wannan baƙuwa kuwa idan ta shiga ta shiga ke nan, don tana tafiya a tudu, tana ɓuya a rami idan ruwa ya janye, mace ɗaya kuma tana ɗaukar ɗaruruwan ƙwai.

Mu ma muna fama da tsargiya, kuma kiwon kifi yana bunƙasa a wurinmu. Duk ranar da wani ya kawo shawarar zuba ta a fadamunmu, a tuna masa da Nilu, a kuma ƙi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.