Kafin ka kwance kan giyar motarka, tsaya ka ji

Duk mai yawo a TikTok da Instagram ya san irin bidiyon nan. Saurayi a cikin motar gudu, kiɗa na tashi, ya murɗe kan giyar da motar ta zo da shi daga kamfani, ya ɗaura wani sabo mai walƙiya. Wani kamar ƙwallon gilashi, wani kamar ƙoƙon kan mutum, wani dogo kamar mariƙin takobi. Cikin daƙiƙa ashirin an gama, sai ruwan yabo. Washegari kuma wani ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman irinsa, ko ya yi oda ta waya.

Mu a wannan shafi ba mu ga laifin ado ba. Wanda ya sha wahala ya sayi motarsa yana da damar ƙawata ta yadda ransa ke so. Abin da muke jan hankali a kai shi ne, kan giya yana cikin kayan sarrafa mota, layinsu ɗaya da sitiyari da birki. Shi ne abin da hannunka ke laluba alhali idonka na kan titi. Saboda haka hannu ne ya kamata ya zaɓe shi, kyamara ta biyo baya.

Manyan kamfanonin mota ma ba su raina wannan ɗan dunƙulen ba. Da Volkswagen ya fitar da Golf GTI a 1976, kan giyarsa siffar ƙwallon golf ce, kuma wata mata mai suna Gunhild Liljequist ce ta kawo dabarar. Porsche 917, motar da ta ci tseren Le Mans a 1970 da 1971, da katako aka yi kan giyarta, don katako ba shi da nauyi kuma ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe. Ka ga ke nan su ma sun yi gayu, amma gayun da ya san aikinsa.

To, ina matsalar take? Ta farko ita ce haƙoran murɗi. Yawancin motocin Japan masu giyar hannu, murɗa kan ake yi a bisa sandar kamar noti, sai dai awon ba ɗaya ba ne. Mazda MX-5 da yawancin motocin Nissan suna amfani da awon M10x1.25. Na Honda galibi M10x1.5 ne. Toyota da Subaru kuma M12x1.25. A ido, na Mazda da na Honda kamar abu ɗaya ne, tunda kaurinsu ɗaya, amma tazarar haƙoran ta bambanta. Idan ka ɗaura wanda ba nasa ba, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije. Ka sa ƙarfi, ka cinye haƙoran sandar. Daga nan abin da ka saya da kuɗin shan shayi ya jawo maka sauya sandar giya gaba ɗaya. Wasu motocin ma, irin BMW da yawa, ba murɗawa ake yi ba, fizgo kan ake yi sama. Wanda ya kama murɗawa da ƙarfi ɓarna kawai zai yi.

Akwai kuma waɗanda masu shago ke ce maka "wannan kowace mota yake shiga, oga". Irinsu ana zura su ne a kan sandar, a ɗaure da 'yan ƙananan kusoshi uku daga gefe. Ranar farko sai ka ji shi gam. Amma mota girgiza take yi, titinmu kuma kowa ya san halinsa. Sannu a hankali kusoshin su saki, kan ya fara juyawa. Yi tunanin ka fito za ka wuce tirela a hanyar Kano zuwa Zariya, ka taka kuloci za ka sauko daga giya ta huɗu zuwa ta uku, sai kan ya zare ya biyo hannunka. Daƙiƙa biyun da za ka yi kana laluben sanda tsirara sun isa komai ya faru. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓuya, ita ce makullin ribas. A motoci masu giya shida irin Toyota 86 da tagwaininta Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012, ribas yana gefen giya ta ɗaya ne. Don kada direba ya faɗa ribas bisa kuskure, sai aka sa wani zobe a ƙarƙashin kan giyar, wanda dole ka ɗaga shi da yatsu kafin ribas ya shiga. Kan giyar asali yana da rami a ƙasansa inda zoben ke shigewa. Da yawa daga na kasuwa ba su da ramin. Ka ɗaura, zobe ya ƙi ɗaguwa, ribas ya ƙi shiga. Nan ne wasu ke yin dabarar banza, su ɗaure zoben a sama ko su cire shi, su ce sun gyara. Abin da suka yi shi ne sun cire katangar da ke tsakanin gaba da baya. Ranar da danja ta ba da hannu, ka nufi giya ta ɗaya ka faɗa ribas, mai babur ɗin da ke bayanka ne zai ji a jikinsa.

Masu otomatik, ku ma maganar ta shafe ku. Wannan maɓallin da kuke dannawa da yatsa kafin sandar ta motsa, shi ke hana ta barin P ko zamewa zuwa R idan gwiwa ko hannun yaro ya buge ta. Duk kan giyar da zai sa a kashe aikin maɓallin nan, a bar shi a shago, komai kyansa.

Wanda yake ganin muna zuzuta ƙaramin abu, ya tuna da Anton Yelchin, ɗan fim ɗin Amurka da ya fito a Star Trek. A watan Yunin 2016, yana da shekara 27, ya sauka daga motarsa Jeep Grand Cherokee a ƙofar gidansa a Los Angeles, motar ta gangaro ta matse shi, ya mutu. Watanni biyu kafin nan kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci sama da miliyan 1, har da irin tasa, saboda sandar giyarsu tana komawa tsakiya duk inda ka tura ta, direba bai iya ji a hannunsa ko motar na P ko ba ta nan. Wannan fa ƙirar kamfani ce mai injiniyoyi da ɗakunan gwaji. Idan su sun yi kuskure a kan abin da hannu ke ji, ina ga abin da aka ƙera ba tare da an san motarka ba?

Sai batun zafi, wanda masu bidiyon Turai da Japan ba za su gaya maka ba. Kan giya na alminiyam ko baƙin ƙarfe yana da kyau a hoto. Amma ajiye mota a rana a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka dawo bayan azahar ka kama shi. Za ka ga mutum yana tuƙi da hankici ko hular kansa a kan giya, yana taɓawa da yatsu biyu. Fata, katako ko roba mai tauri sun fi dacewa da ƙasarmu.

Shin a haƙura ke nan? A'a. Akwai masu sauyawa don dalili mai kyau: fatar tsohon ta zazzage, ko ya yi wa hannunsu girma, ko suna son mai ɗan nauyi da ke sa giya ta faɗa da sauƙi. In za ka yi, yi shi da ilimi. San awon haƙoran motarka kafin ka biya kuɗi. Duba yadda ribas ɗinka ke shiga, ɗaga zobe ake yi ko danna sandar ƙasa, ka tabbata sabon bai hana ba. Murɗa da hannu kawai, in ya cije tun farko to ba nasa ba ne. Ka guji mai tsayi sosai da mai tsini, domin in aka yi karo, jikinka ne zai faɗa masa. In sabon ba shi da zanen lambobin giya, liƙa zanen a kusa, saboda ƙanenka ko bakanike da zai ja motar. Ka gwada kowace giya mota na tsaye, inji a kashe, kafin ka hau titi. Tsohon kuma adana shi, ranar sayar da mota zai yi maka rana.

Ku kuma masu ɗora bidiyo, mabiyanku suna kwaikwayonku fiye da yadda kuke zato. In kun nuna walƙiyar, ku ƙara daƙiƙa goma ku nuna zoben ribas yana aiki, ku faɗi awon da ya dace da motar. Wanda ya danna muku alamar so ba ya cikin motar ranar da kan giya zai zare. Waɗanda ke ciki su ne abokinka a kujerar gaba da ƙanwarka a baya, kuma su ba su zaɓi abin da ka ɗaura ba.