Sabuwar mafitsara daga hanji: ana yin aikin, amma majinyatanmu na zuwa a makare

A farkon 2025 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ya yi dashen ƙoda na farko. Wannan ya nuna cewa manyan ayyukan tiyatar ƙoda da mafitsara sun matso kusa da mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum. Cikin irin waɗannan ayyuka akwai wanda iyalai ke yawan tambayarmu: idan ciwon daji ya sa an cire mafitsara, ina fitsari zai bi?

Daga tsargiya zuwa daji

A yankinmu labarin yakan faro ne daga rafi. Yaron da ke wanka ko kamun kifi a Gulbin Ka ko Gulbin Zamfara na iya ɗaukar tsutsar tsargiya, wadda ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata. Ƙwayayenta na maƙalewa a bangon mafitsara, suna ta ƙuje shi shekara da shekaru. Tun 1994 hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da ke haddasa dajin mafitsara. Shan taba ma babban sanadi ne.

Matsalar ita ce a ƙauyuka da dama ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga. Magidanci kuma idan ya gan shi sai ya ce tsohuwar tsargiya ce ta motsa, tunda ba ya jin zafi.

Hanyoyi uku

Idan dajin ya ci naman bangon mafitsara, sau da yawa sai an cire ta gaba ɗaya, a karkatar da fitsarin ta amfani da hanji.

Ta farko, a yanki ƙaramin hanji kimanin santimita 15 zuwa 20, a jona masa jijiyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda, a fito da bakinsa ta fatar ciki. Fitsari na zuba cikin jakar da ake mannawa. Likita Eugene Bricker na Amurka ne ya yaɗa wannan dabara a 1950. Wahalarta a wajenmu ita ce samun jakar da kuɗinta har ƙarshen rayuwa.

Ta biyu ita ce sabuwar mafitsara. Ana ɗaukar santimita 40 zuwa 60 na ƙaramin hanji, a tsaga shi, a ɗinke kamar ƙwallo, a jona da mafitar fitsari. Mutum zai yi fitsari ta inda ya saba, babu jaka. Cibiyar Mansura a Masar, ƙasar da ta sha fama da tsargiya, ta yi fice a wannan aiki ƙarƙashin Farfesa Mohamed Ghoneim.

Ta uku, a mayar da fitsarin cikin ƙarshen babban hanji, ya riƙa fita ta dubura. Ba ta buƙatar jaka, amma sai tsokar dubura na da ƙarfin riƙewa.

Hanji dai hanji ne

Sabuwar mafitsara ba ta sanar da mutum ta cika kamar ta asali. Da agogo ake fitsari, duk awa uku zuwa huɗu, har cikin dare. Za a ga majina a fitsari, domin hanji bai daina fitar da ita ba. Yoyon dare ya zama ruwan dare a watannin farko, wasu kuma sai sun koyi sa wa kansu roba. Hanjin na sake tsotse gishirin fitsari zuwa jini, saboda haka gwajin jini da na ƙoda ba ya yankewa, kuma bayan shekaru sinadarin B12 na iya yin ƙasa. Game da alwala da salla, malamai suna da bayanin sauƙin da aka yi wa mai yoyon fitsari. A tambaye su.

Inda gizo ke saƙa

Ba a yi wa kowa sabuwar mafitsara. Wanda ƙodarsa ta raunana, ko dajin ya kai mafitar fitsari, ko ya bazu a jiki, zaɓin ya kuɓuce masa. Kuma jinkiri ne ke jawo duka ukun. Rashin tsaro a hanyoyin Anka da Bukkuyum, kuɗin mota zuwa Gusau ko Sakkwato, da watannin da ake ɓatawa ana jiƙe-jiƙe, su ne ke cinye lokacin.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a faɗaɗa rabon maganin praziquantel ya haɗa da manya, ba 'yan makaranta kaɗai ba, a garuruwan da tsargiya ta yi yawa. Ya kamata gwamnatin Zamfara ta kai shi ga masunta, manoman fadama da 'yan gudun hijira, ta kuma samar da na'urar hoton ciki mai aiki a manyan asibitocin waɗannan ƙananan hukumomi.

Kai kuma mai karatu, idan ka ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ka je asibiti. Idan ka sha maganin tsargiya jinin ya dawo, ka nemi a yi maka hoton ciki, a kuma tura ka inda za a leƙa mafitsara da na'ura. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.