Kicina: Gwarzon Ingila, Mai Tonon Kabari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

'Yan'uwa Musulmi, har yau akwai 'yan boko a cikinmu masu cewa Turawan mulki wayewa suka kawo mana. To, ga tarihin ɗaya daga cikin manyan hafsoshinsu, mai hankali ya yi hukunci.

An haifi Kicina a 1850, ya shiga sojan Ingila a rundunar injiniyoyi, ya zama babban kwamandan sojan Masar a 1892. Ran 2 ga Satumba 1898 ya gamu da mayaƙan Mahdiyya a Karari, kusa da Umdurman. Kafin azahar, igwa da bindiga mai ruwa sun kashe Musulmi wajen 10,000, shi kuwa bai rasa mutum 50 ba. Wannan bai ishe shi ba, sai da aka rushe hubbaren Mahadi, aka tone kabarinsa, aka watsa ƙasusuwansa a Kogin Nilu. Muna da saɓani da da'awar Mahdiyya, amma wace wayewa ce ta halatta wulaƙanta gawa?

Me Ingila ta yi masa? Ta ba shi sarautar Lod, majalisarta ta ƙara masa da fam 30,000. Daga nan sai Afirka ta Kudu, inda mata da yaran Bowa fiye da 20,000 suka mutu a sansanonin tsare mutane a lokacin yaƙin 1899 zuwa 1902. Nan ma girma aka ƙara masa: kwamandan sojan Indiya a 1902, ministan yaƙi a 1914. A 1916 jirgin ruwansa ya taka nakiya, teku ta haɗiye shi.

Kada mu ce abin Sudan ne. Shekara biyar bayan Karari, irin wannan bindiga ta karya Kano da Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Zuriyar waɗanda suka yi hijira suna Mai Wurno a Sudan har gobe.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, kada mu karɓi gwarzayenmu daga littattafan wanda ya ci mu da yaƙi. Na biyu ya fi ɗaci: mazajen Karari da Burmi ba su rasa zuciya ba, ilimin ƙira da tsari aka fi su. Al'ummar da ta bar wa wasu kimiyya ta miƙa musu wuyanta. Mu cika makarantu da 'ya'yanmu, maza da mata, su haɗa ilimin addini da na zamani.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya farkar da mu. Amin.