"Kawo Tsohuwa Ka Karɓi Sabuwa": Alkawarin Masu Ƙera Na'ura Da Haƙƙin Wanda Ya Fara Saye



Ƴan'uwa masu girma, jama'ar masallaci da sauran masu bibiyar wannan zaure, tambaya ta yawaita a kwanakin nan a kan wani nau'in ciniki da ya shigo mana tare da salula da kwamfuta. Mai kaya zai ce maka: saya yanzu, idan sabon samfuri ya fito ka kawo wannan mu karɓa, ka yi ɗan ciko ka tafi da sabuwa. Manyan kamfanonin da ke ƙera na'urorin su ne suka fara wannan talla, masu shaguna a Yamai da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni suka ɗauka, har maganar ta iso teburan masu salula ranar kasuwa a nan Ɗan Kassari. Masu tambaya abu biyu suke son sani: shin cinikin halas ne, kuma wa yake amfana da shi?

Ta farko mai sauƙi ce. Salula da kwamfuta ba sa cikin dukiyoyin da riba take shiga musayarsu kamar zinariya da azurfa da abinci. Saboda haka idan ka miƙa tsohuwar salularka, ka ɗora jaka talatin a kai, ka karɓi sabuwa a nan take, hannu da hannu, kowa ya ga abin da ya karɓa, wannan ciniki ne ingantacce. Inda ake zamewa shi ne bashi. A ce saurayi ya ɗauki salula bashi a kan jaka 90, kafin ya gama biya ya mayar wa wannan mai shagon da ita a kan jaka 60 lakadan. Salular ta koma inda ta fito, abin da ya rage shi ne ya karɓi 60 zai biya 90. Malamanmu na Malikiyya sun toshe wannan ƙofa tun da daɗewa a babin cinikayyar ajali, domin rance ne mai riba aka sa masa rigar ciniki.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi buƙatar natsuwa, kuma ra'ayina a kanta shi ne: alkawarin musaya da alkawarin "za mu ci gaba da inganta maka" an tsara su ne da farko domin amfanin mai ƙerawa. Wanda ya fara saye ba ya samun komai daga gare su sai abin da aka ambata da adadi da lokaci ranar da ya biya kuɗinsa.

Ku dubi abin da ya faru da kamfanin Apple na Amurka, wanda ya fara da ƙera kwamfuta kafin ya shiga salula. Ranar 29 ga Yuni 2007 ya fito da iPhone ta farko, babbar cikinsu a kan dala 599. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Mutane sun kwana a layi domin su kasance cikin na farko. Ranar 5 ga Satumba, wata biyu da ƴan kwanaki kawai, kamfanin ya zaftare dala 200 daga farashin. Waɗanda suka kwana a layi suka yi ca, har shugaban kamfanin, Steve Jobs, ya rubuta musu wasiƙar ban haƙuri ya yi musu alkawarin dala 100. To amma wace irin dala 100? Takardar sayayya ce da ba ta aiki sai a shagunan Apple. Rabin asarar aka mayar, kuma aka mayar da ita ta hanyar da dole kuɗin ya sake komawa aljihun wanda ya bayar. Duk wanda ya gane wannan ya gane tsarin musaya gaba ɗayansa: darajar da aka sa wa tsohuwar na'urarka ba kuɗi ba ne da za ka sayi buhun hatsi da shi, igiya ce da take riƙe ka a ƙofar shago ɗaya.

Shekara goma bayan haka wani abu mafi nauyi ya bayyana. A watan Disamba 2017 kamfanin ya amsa cewa sabuntawar manhaja da ya tura wa tsofaffin iPhone tana rage musu gudu idan batirinsu ya tsufa. Hujjarsa ita ce yana kare su daga mutuwa ba zato, kuma hujjar tana da kamshin gaskiya, domin tsohon batir ba ya ɗaukar nauyi. Sai dai bai gaya wa masu salular ba. Mutum ya ga na'urarsa ta yi nauyi, ya ɗauka ta gama yayi, ya nufi sabuwa, alhali sauya batir kaɗai ya ishe shi. A watan Oktoba 2018 hukumar kula da gasa ta Italiya ta ci tarar Apple Yuro miliyan 10, ta ci Samsung miliyan 5 a kan sabuntawar da ta cutar da tsofaffin salula. A watan Fabrairu 2020 Faransa ta ci tarar Apple Yuro miliyan 25, wato sama da biliyan 16 na sefa. Laifin da hukumar Faransa ta kama shi da shi shi ne rashin sanar da masu saye.

Wannan laifi ba baƙo ba ne a wurin ɗalibin fikihu. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito a kan dabbar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki domin hantsarta ta cika a yaudari mai saye ya ba wanda aka yaudara zaɓi: ya riƙe ko ya mayar, tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Haka kuma labarin tarin abincin da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya sa hannu a cikinsa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya umarci mai shi ya fito da jiƙaƙƙen fili mutane su gani. Asalin ɗaya ne: wanda ya san wani abu game da hajarsa da zai sauya shawarar mai saye, ba ya halatta ya yi shiru a kansa. Mai ƙera na'ura kuwa ya fi mai akuya sanin hajarsa nesa ba kusa ba. Ya san ranar da magajiyarta za ta fito, ya san shekarar da zai daina tura mata sabuntawa, kuma bayan ka biya ka tafi gida hannunsa yana nan a cikinta ta intanet. Akuya idan ta shiga garkenka, tsohon mai ita ba shi da ikon rage mata nono daga nesa.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da masu kwana a layi a Amurka, mu da ba mu taɓa zama na farko a sayen komai ba? Ruwanmu yana nan. Na'urorin da ake karɓa a musaya a Turai da Amurka ba zubar da su ake yi ba. Ana goge su, a gyara, a sayar wa dillalai, da yawa daga cikinsu su biyo jirgi zuwa kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano, wasu su ƙetaro ta Illela zuwa Ƙonni. A nan dole a yi wa tsarin adalci: shi ne ya sa talaka yake samun na'ura mai ƙarfi a kan rabin kuɗinta ko ƙasa da haka, kuma ya rage tarin sharar ƙarfe. Amma abin da yake iso mana ya riga ya cinye yawancin shekarun alkawarinsa a hannun wani.

Misali mafi kusa shi ne na iyayen da suka sayar da wake ko rago suka saya wa ɗansu kwamfutar hannu domin karatu a Jami'ar Dosso ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Kamfanin Microsoft ya fito da Windows 10 a watan Yuli 2015, ya kuma kawo ƙarshen kula da ita kyauta ranar 14 ga Oktoba 2025. Ƙaura zuwa Windows 11 kyauta ce a baki, sai dai ta zo da sharaɗin kayan ciki da akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba, kuma irinsu ne suka cika teburan gwanjo. Kwamfutar ba ta mutu ranar nan ba, tana kunnuwa tana aiki, amma ƙofofin da ɓarayin intanet za su gano a jikinta nan gaba babu tabbacin za a ci gaba da toshe su. Mai gwanjon da ya san wannan ya sayar wa uba ita a kan cewa "za ta kai yaron har ya gama", ya shiga hukuncin mai jiƙaƙƙen abinci.

Yanzu mu dawo kan alkawarin kansa. Bahaushe ya ce alkawari kaya ne, kuma Suratul Ma'ida ta buɗe da umarnin cika ƙulle-ƙulle. Malamai sun yi saɓani a kan ko alƙali zai tilasta wa mutum cika alkawarin da bai kai ƙullin ciniki ba. Abin da ya shahara a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Alƙarafi da Alhaɗɗabi suka yi bayani, shi ne: idan alkawarin ya rataya a kan wani dalili, kuma wanda aka yi wa ya shiga ɗawainiya saboda shi, to ya zama wajibi a hukunce. Misalin da suke kawowa shi ne wanda ya ce wa ɗan'uwansa ya rushe gidansa zai ranta masa kuɗin sake gini, shi kuwa ya rushe. Majalisar Fikihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta ɗauki wannan ra'ayi a zamanta na Kuwait a watan Disamba 1988, ta ƙara da cewa wanda ya saɓa ba tare da uzuri ba, ko dai ya cika ko ya biya asarar da ya jawo. Saboda haka mai shagon da ya ga kana jinkiri ya ce maka "saya, ni zan karɓa in canza maka", ka kuwa saya saboda wannan kalmar, ya ɗaura wa kansa kaya. Ba magana ce ta jan ciniki da iska za ta ɗauke ba.

Sai dai a nan ne wayon yake. Alkawarin da ba shi da adadi, da me za a kama mai shi? "Za mu karɓa da daraja" nawa ke nan? Ranar da ka dawo, shi ne mai duba na'urar, shi ne mai gano tabo a gilashi, shi ne mai yanke farashin tsohuwa, shi ne kuma mai yanke farashin sabuwa. Zai iya ƙara maka jaka biyar a nan ya ɗora goma a can, ka fita kana godiya. Manyan kamfanoni ma haka tallarsu take: suna rubuta adadi mafi girma da manyan baƙaƙe, su sa "har zuwa" a gabansa da ƙanana. A shari'ance ya cika alkawari tunda ya karɓa, amma abin da ka ƙiyasta a ranka lokacin da kake ƙirga kuɗi bai taɓa zama haƙƙinka ba. Wannan jahiltar farashi ita ce irin gararin da aka hana gina ciniki a kansa, kuma shi ya sa nake ganin bai kamata mai hankali ya ƙara ko dala ɗaya a kan kuɗin na'ura saboda alkawarin musayar gobe ba. Ka saye ta a kan abin da take yi yau. Idan mai shago da gaske yake, ya rubuta a rasit: cikin wata shida, matuƙar gilashi bai fashe ba kuma ruwa bai shiga ba, zan karɓa a kan jaka kaza. Ayar bashi da ke ƙarshen Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, rubutu da shaidu ta koyar da mu, kuma kunyar neman rubutu ta raba zumunta da yawa fiye da yadda neman rubutun ya taɓa rabawa.

Haka batun garanti yake. Tambayi wa zai ɗauki nauyi idan ta lalace, kamfani ko mai shago, kuma a wane gari. Na'urar da ta ƙetaro iyaka ba rasit, garantin da aka buga a kwalinta ba lallai ya biyo ta ba. Mun ga yadda rufe iyakar Najeriya bayan watan Yuli 2023 ya tsayar da zirga-zirga wata da watanni. Wanda gyaransa yake Sakkwato a lokacin, garantinsa takarda ce kawai.

Ga ƴan'uwanmu masu sana'ar salula da suke sallah sahu ɗaya da mu: ba ku kuka ƙera ba, ba ku kuke tura sabuntawa ba, kuma ba a ɗora muku laifin kamfanin da ke Shenzhen ko Kalifoniya. Abin da ke wuyanku shi ne abin da kuka sani da abin da bakinku ya furta. Idan an sauya gilashi ku faɗa. Idan batir ba na asali ba ne ku faɗa. Idan kun san samfurin ya kusa daina karɓar WhatsApp, kamar yadda ya daina aiki a wasu tsofaffin salula a shekarun baya, ku faɗa ko da cinikin zai tashi.

Mai kawo tsohuwa shi ma mai sayarwa ne, hukuncin kuma bai tsallake shi ba. Wanda ya san salularsa ta taɓa faɗawa ruwa, ko tana mutuwa idan ta yi zafi, ya cika ta da caji ya goge ta da tsumma ya miƙa ya yi shiru, ya ɗaure hantsar akuya ke nan, kuma wanda zai gaje ta wataƙila maƙwabcinsa ne daga Matankari ko Tibiri. Kafin ka miƙa kuma, ka cire sim da katin ajiya, ka goge duk abin da ke ciki a gabanka. Hotunan iyalinka, saƙonnin muryar da mutane suka turo maka a asirce, da lambobin matan gidanka amana ce a hannunka, kuma ba sa cikin abin da ka sayar.

Wallahu a'alam. Allah Ya sa albarka a cikin kasuwancinmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.