Ƙwallo ma jakada ce

Duk wanda ke cewa wasa daban, siyasa daban, ya kamata ya nemi labarin aikin Peter Beck, masanin tarihi ɗan ƙasar Ingila, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Kingston. Da manufofin ƙetare ya fara: a 1986 ya wallafa littafi kan siyasar yankin ƙanƙara na Antaktika, a 1988 wani kan rikicin tsibiran Falkland. Sai a 1999 ya fito da "Scoring for Britain", inda ya bi sawun ƙwallon ƙafa cikin hulɗar ƙasa da ƙasa daga 1900 zuwa 1939.

Hujjarsa daga takardun gwamnati ta fito. A bainar jama'a mahukuntan Landan suna cewa ba ruwansu da wasa; a ofis kuwa suna auna ribar kowace karawa. A 1935 ƙungiyoyin ƙwadago sun nemi a hana wasan Ingila da Jamus a Landan, gwamnati ta ƙi. A watan Mayun 1938, a Berlin, 'yan wasan Ingila suka ɗaga hannu irin gaisuwar 'yan Nazi, bayan shugabanninsu sun shawarci jakadan ƙasarsu, Nevile Henderson. Sun ci 6 da 3, amma hoton gaisuwar ne ya fi zama a zukatan mutane.

Wannan darasi bai tsaya a Turai ba. Babban filin wasa na Seyni Kountché da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1989, ƙasar Sin ce ta gina shi. Ɗan kasuwa ya san cewa kyauta tana tafe da lissafi. Ma'aikacin gwamnati kuma ya san cewa kowace yarjejeniya tana da takarda.

Abin da ya ba Beck damar aikinsa shi ne an adana takardun, daga baya doka ta buɗe su ga masu bincike. Inda gara da damina suka cinye kundin ma'aikatu, ko aka kulle shi har abada, jita-jita ce kaɗai ke saura. Wajibi ne hukuma ta kula da gidajen adana takardu, ta kuma ƙayyade ranar buɗe su. Talakan da ya biya kuɗin shiga fili yana da haƙƙin sanin abin da aka ƙulla da sunansa kafin a busa usur.