Hutu a ƙetare: wa ya toshe hanyar Kurmi?

A Filinge, da ma ƙasar Kurfai baki ɗaya, tafiya tsohuwar sana'a ce. Da wuya a shiga gari ba a tarar da dattijon da ya san Kumasi ko Ankara, babban birnin Gana, kamar tafin hannunsa ba. Abin da yake sabo shi ne tafiyar hutu, wato mutum ya ƙetare iyaka shi kaɗai ko da iyalinsa, don kawai ya huta, ya buɗe ido, ya ga yadda wasu ke zaman duniya. Ma'aikacin gwamnati yana da wata guda na hutu a shekara, ɗan kasuwa kuma yakan sami sarari idan kaka ta wuce, ciniki ya lafa. Duk wanda ya ƙudura wannan niyya tambayoyi huɗu ne ke gabansa: ina za shi, ta wace hanya, ina zai sauka, me zai ci. A ido, tambayoyi ne na cikin gida da mai gida zai warware da uwargida a daren juma'a. Amma wanda ya zauna ya yi lissafi da gaske zai gane cewa rabin amsarsu yana hannun masu mulki.

Kafin a zo nan, ya dace a tuna yadda magabata suka yi tasu tafiyar. Tun zamanin Turawa samarin Kurfai ke gangarawa kudu, ƙasashen bakin teku da ake kira Kurmi. Haraji ne ya kore su, da aikin dole wanda ba a soke shi ba sai a 1946, da yunwa irin ta 1931. Har ƴan Hauka, waɗanda al'amarinsu ya ɓullo a yankin Filinge a 1925 ya kuma gamu da fushin komandan Yamai, can Gwalkwas suka ƙarasa, inda Jean Rouch ya ɗauke su a majigi a 1954. Waɗannan mutane ba su da fasfo, ba su da otel, yawancinsu da ƙafa suka fara tafiyar. Duk da haka suna da tsari. Sukan tashi bayan girbi, su dawo kafin ruwan shuka. Ba wanda yake fita sai ya tambayi wanda ya dawo halin da hanya ke ciki. Ba wanda yake fita bai san sunan mai gidan da zai sauke shi a zango ba. Kuma ba wanda yake fita ba guzuri. Mai shirin hutu na yau, da wayar salularsa da takardar albashinsa, bai wuce waɗannan dokoki uku ba, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Kuskure na farko da ke kama ma'aikaci shi ne kwaikwayon manya. An saba jin cewa wane ya tafi hutu Faransa, sai ƙaramin ma'aikaci ya ɗauka in ba Paris aka je ba, ba a huta ba. To, a duba lissafi. Tun 1986 Faransa ta ɗora wa ƴan Afirka biza. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, farashin kowane abu na can ya ninka biyu cikin dare ɗaya, a daidai lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashi na watanni. Kamfanin Air Afrique, wanda aka kafa a 1961, ya rushe a 2002. Air France ta daina sauka Yamai a watan Agusta 2023, ofishin jakadancin Faransa kuma ya rufe a farkon 2024, ta yadda mai neman biza sai ya fara da wata tafiyar zuwa wata ƙasa. Kuɗin ajiye takardun bizar kaɗai ya koma yuro 90 a watan Yuni 2024, wato sama da jika 59 na sefa, kuma ba a mayar da shi idan an hana mutum. A shekarar ne aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a Nijar zuwa jika 42. Wanda ya ci bashi don irin wannan tafiya, zai dawo da hotuna, ya shekara yana ɓuya wa mai kanti.

Hutun da ya dace da aljihun malamin makaranta, ko malamin asibiti, ko mai shago a kasuwar Filinge, yana nan kusa. Akwai Sakkwato da Hubbaren Shehu, akwai Argungu da bikin kamun kifinta, akwai Kano da Dala da Gidan Makama da kasuwar Kurmi da Kantin Kwari, inda ɗan kasuwa zai jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Akwai Kwatano da Lome, inda yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba zai tsaya a bakin teku. Akwai Kumasi da kasuwar Kejetia, da gidan bayi na Elmina wanda Fotugis suka gina a 1482. A yawancin wuraren nan ana jin Hausa, ana kiran salla, kuma a Benin da Togo sefar da ke aljihun mutum ita ce ke ci a kasuwa.

Sai dai a nan ne siyasa ke shigowa. Yarjejeniyar da ƙasashen CEDEAO suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Ƙarƙashin wannan inuwa ne ƴan Nijar suka yi shekaru fiye da 40 suna kai da komo. Daga Filinge mutum ya bi ta Balayara ya yi kilomita 180 zuwa Yamai, ya kama babbar mota ta Doso da Gaya, ya hau gadar Malanbil, ya wuce Faraku, ya wayi gari a Kwatano. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki ta ƙaƙaba takunkumi, wanda ya fi cutar da talaka fiye da kowa. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar Nijeriya ta buɗe a watan Maris, amma mahukuntan Yamai suka bar ta Benin a rufe bisa dalilin tsaro, har cikin 2025. Fasinja ya koma sauka daga mota a Gaya, ya shiga kwalekwale da kayansa da ƴaƴansa, ya biya a wannan gaɓa, ya biya a waccan. Hanyar Torodi da Fada Ngurma zuwa Wagadugu, wadda take kai mutum Gana da Togo, ƴan bindiga sun mai da ita abin tsoro. A gida ma ba a tsira ba, tunda an kafa dokar ta-ɓaci a 2017 a wasu sassan jihar Tilaberi, har da Abala maƙwabciyar Filinge. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso, aka fito da sabon fasfo na AES. A lokacin CEDEAO ta sanar cewa za ta ci gaba da karɓar tsofaffin takardu da barin mutane su wuce har sai an yanke wata shawara. Abin da yake haƙƙi a rubuce ya koma alfarma, alfarma kuwa mai ita yana iya janye ta ran da ya ga dama.

Sakamakon duk wannan a fili yake. Mai kuɗi bai rasa kome ba, domin jirgi na tashi daga filin Diori Hamani ya sauke shi Lome ko Abijan kafin shayinsa ya huce. Wanda aka toshe wa hanya shi ne mai shiga motar haya. Hutu a ƙetare, wanda ya fara zama abin da matsakaicin iyali ke iya tara wa kuɗi a adashi, yana komawa gatan masu hannu da shuni.

Wanda duk da haka ya yi niyya, ya fara da takarda kafin tikiti. Ya tabbata fasfonsa yana da sauran rai, ya riƙe katin shaidarsa, da takardun haihuwar yara, da katin allurar shawara, wadda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai. Ma'aikaci ya nemi izinin fita ƙasa daga ofishinsa a rubuce. Takarda cikakkiya ita ce ke rage yawan abin da ake tatsa a shingen jandarma da ƴan sanda da ƴan duwan, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tarihi ma ya ja kunne: a watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, a 1983 gwamnatin Shagari ta yi makamancin haka a Nijeriya, kuma ƴan Nijar na cikin waɗanda suka dawo gida hannu rabbana. Game da hanya kuwa, labarin direban da ya iso jiya ya fi na rediyo. A shiga motar kamfani mai tasha da lokacin tashi, a yi tafiyar rana, a bar ta dare. Mai iyali kuma ya tuna cewa babban hutun makaranta yana faɗowa ne cikin damina, lokacin da gona ke neman mai ita, hanya kuma ke lalacewa.

Maganar masauki tana da fuska biyu. Tsarin zango yana nan da ransa, daga unguwar Zango ta Kwatano zuwa Nima da Sabon Zango na Ankara. Amma a tuna yadda aka gina shi: mai gida yana sauke fatake, ya ciyar da su, ya adana kayansu, domin yana samun la'ada a cinikinsu. Mai yawon buɗe ido ba ya kawo la'ada, nauyi yake kawowa. Ɗan'uwan da ke haya a ɗaki biyu a bakin teku, yana biyan ruwa da wuta, ba zai ce wa baƙo ya tafi ba, amma matarsa ta san abin da buhun shinkafa ya koma. Saboda haka mai hankali yakan sanar da zuwansa tun da wuri, ya faɗi ranar komawarsa, ya zo da tsaraba, ya sa hannu a cefane, kada ya wuce kwana uku. Baƙo raɓa ne. In zaman zai yi tsawo, ƙaramin otel kusa da zango ko masallacin juma'a ya fi rufin asiri. A ga ɗaki kafin a biya, a tambayi ruwa da gidan sauro, a karɓi rasit.

Abinci ya fi sauƙi. Wanda ya sauka Gana zai yi mamakin jin sunayen gida a bakin masu sayar da abinci: wake da shinkafar da suke kira waakye, da tuwo zafi, da koko da ƙosai. Fatake ne suka kai su. Wurin matan zango abinci ya fi araha, kuma ba a shakkar yankansa, saɓanin manyan gidajen cin abinci inda sai an tambaya kafin a sa hannu. A ci abin da aka sauke daga wuta a gaban mutum, a sha ruwan kwalba, musamman ga yara. Guzurin gida kuma, cukun Tukunus da kilishi da dabino da ƙuli-ƙuli, shi ke raba matafiyi da tsadar tasha idan mota ta kwana a iyaka. Kuɗi a kasa shi uku: na mota da masauki, na ci da tsaraba, da na komawa gida wanda ba a taɓa shi ko da an ga atamfar da ta fi kowace kyau. Naira da sidi ba su da tsayayyen farashi, don haka a canza kaɗan-kaɗan, a wurin ƴan canjin da mai masauki ya sani.

Wani zai ce ƙasar da ke fama da yaƙi da tsadar hatsi ba ta da lokacin zancen hutu, kuma tsaron ƙasa ya fi yawon wani. Maganar tana da nauyi, kuma ba mai hankalin da zai raina jinin sojojin da ke faɗuwa a arewacin Tilaberi. Amma gadar da mai hutu ke bi, ita ce mai albasa ke bi, da mai shanu, da ɗalibi, da majinyaci, da ɗan cin rani wanda kuɗinsa ke cika rumbu a Cikal da Itcigin idan damina ta gaza. Nijar ba ta da teku, numfashinta yana kan hanyoyin nan. Rufe gada bai hana kowa ƙetarewa ba, ya dai mai da kuɗin da zai shiga baitulmali zuwa aljihun masu kwalekwale da masu karɓar na goro.

Don haka akwai abubuwa uku da suka wajaba a kan mahukunta. Su ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da maƙwabta a kan zirga-zirgar mutane, don kada ɗan ƙasa ya dogara da alfarma. Su riƙa sanar da jama'a, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, wace iyaka ce a buɗe, wace takarda ake nema, nawa ne kuɗinta. Su kuma rage shingayen da ba su kama ɓarawo, sai dai su tatsi fasinja. Ƙungiyoyin ƙwadago da na ƴan kasuwa, waɗanda suka iya tsayawa a 1990 da 1991 har aka kai ga taron ƙasa, bai kamata su yi shiru a kan wannan ba, tunda mambobinsu ne ke tsaye a bakin gulbi da kaya a ka.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, na zaune kuma bai ga gari ba. Ma'aikacin da ya ga yadda ake gudanar da asibiti a Kumasi, da ɗan kasuwar da ya ga tashar jiragen ruwa ta Lome, sukan dawo da tambayoyin da ƙasa ke bukata. Kakannin Kurfayawa sun kai bakin teku da ƙafa a zamanin da Bature ke riƙe da bulala. Jikokinsu, shekaru sama da 60 bayan samun mulkin kai, suna da ikon tambayar dalilin da ya sa hanyar ta fi musu wuya.