Kunyar faɗuwa da ladabin ajiye babur

Da wuya a sami ɗalibin da ya shekara a jami'a bai taɓa ganin babur ya faɗi a wurin ajiya ba. Wani lokaci mai shi yana kai, ya tsaya ya sauke ƙafa sai rairayi ya zame da shi. Wani lokaci kuma ya riga ya shiga aji, babur ɗin ya kwanta shi kaɗai, ya ture na kusa da shi, wannan ma ya ture na gaba, har a ga biyar ko shida sun zube a jere. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi: dariya, da “sannu” ta fatar baki, sai mai babur ya yi wuf ya miƙe yana kakkaɓe riga yana cewa “ba komi”. A ganina mun ajiye kunya inda ba muhallinta ba. Wanda ya faɗi muke sa wa ido har ya rasa inda zai sa kansa, alhali wanda ya yi ajiyar ganganci, ya tare hanya ko ya jingina babur a kan tudun rairayi, yana wucewa abinsa ba mai ce masa uffan.

Mu fara da abin da ke kayar da babur a tsaye, domin yawancinsa ba tsautsayi ba ne. Irin baburan da suka cika titunan Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, waɗanda ƴan kabu-kabu da ɗalibai ke hawa, nauyin kowanne ya zarce buhun gero mai kilo 100. Idan aka jingina shi da ƙaramar ƙafarsa ta gefen hagu, wadda muka aro mata sunan “bekiy” daga faransanci, wani kaso mai yawa na wannan nauyi yana sauka ne a kan ɗan ƙarfen da faɗinsa bai kai tafin hannun yaro ba. A kan siminti ba matsala. A cikin rairayi kuwa, ƙarfen yana nutsewa sannu a hankali, babur ya yi ta karkata har ya wuce inda zai iya tsayuwa. Haka abin yake da damina a ƙasar da ta sha ruwa, haka kuma a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, kwalta ta yi laushi. Ga kuma iskar da ke gabatar hadari, wadda ba ta barin babur da aka tsayar kusan a miƙe. Maganin duk wannan ba ya cin ko dala ɗaya: a duba ƙasa kafin a sauka, a sa faffaɗan dutse ko guntun katako ko gwangwanin da aka take a ƙarƙashin ƙafar, a juya kan babur hagu a kulle shi. Idan wurin gangare ne, a fuskantar da shi sama, a bar shi cikin giya ta ɗaya don kada ya gangara ya naɗe ƙafarsa da kansa.

Akwai kuma kuskuren tashi. Mai sauri ya hau, ya tayar da inji, ya manta bai ɗaga ƙafar ba. Muddin yana tafiya miƙe ba zai ji komi ba, amma da zarar ya karya kwana hagu, ƙarfen zai caki ƙasa ya watsar da shi. Wasu babura suna da na'urar da ke kashe inji idan ƙafar tana ƙasa, sai dai da yawa daga cikin masu araha da muke saye ba su da ita, don haka idon mai tuƙi ne kaɗai madogara. Mu da ke gefe ma da hakki a kanmu. Wanda ya ga haka ya yi shiru yana jiran abin dariya, da hannunsa a raunin da zai biyo baya. Haka nan bakin babbar riga ko zane ko dogon hijabi, idan ba a tattare shi ba kafin a tashi, yana iya shiga sarƙa ko wayoyin ƙafar baya, ya fizgo mai shi ƙasa. Wannan ya wuce yagewar tufa a gaban jama'a, domin mayafin da ya naɗe a wuya yana iya kai mutum lahira.

Dalilin da ya sa nake ganin dariyar tana da illa shi ne tana hana mutum duba kansa. Wanda kunya ta rufe ba ya tsayawa ya ga ko bututun hayaƙi ya ƙone masa ƙafa, ko wuyan hannunsa ya goce, ko kansa ya bugi ƙasa. Burinsa kawai ya ɓace daga idon mutane. Sai ya sunkuya ya ciccibi babur da ƙarfin baya, maimakon ya durƙusa ya tura da ƙafafu ko ya nemi taimako, ya ƙara wa kansa ciwon da zai daɗe yana jinya. Ba ya kuma lura da man da ke tsiyaya daga babur ɗin da ya kwanta. A garuruwan da ake sayar da fetur a kwalabe a bakin hanya, kusa da mai shayi da mai tsire, man da ya zuba a gefen inji mai zafi ba abin wasa ba ne. Abin da ya kamata shi ne a kashe inji, a rufe makunnin mai, a tambayi mutum lafiyarsa da gaske, sannan a kama masa a tayar da babur.

Wata kunyar ta fi waɗannan haɗari. Babura iri ɗaya, launi ɗaya, sukan jeru a ƙofar kasuwa ko masallacin Juma'a. Mutum ya fito hankalinsa na wani wuri, ya zura makulli a babur ɗin da ba nasa ba, yana ta murɗawa yana mamakin abin da ya hana shi buɗewa. Idan a harabar jami'a ne, za a yi raha a watse. A bakin kasuwa kuwa, ihun “ɓarawo” sau ɗaya ya isa ya tara jama'ar da ba za ta tsaya jin bayani ba. Saboda haka haddace lambar babur, da yi masa wata alama ta musamman, da biyan mai gadi dala goma ko ashirin a karɓi tikiti, duk kariya ce ga dukiya da mutunci, har ma da rai.

Za a iya cewa laifin na rashin wuri ne: ɗalibai sun yi yawa, inuwa ta yi kaɗan, kowa yana rububin gindin dogon yaro guda, don haka cunkoso dole ne. Akwai gaskiya a wannan magana, kuma neman rumfuna da daɓen siminti a wuraren ajiya buƙata ce da ta cancanci ƙungiyoyin ɗalibai su sa ta cikin abin da suke gabatar wa hukuma. Amma ƙarancin wuri ba ya tilasta wa kowa ya toshe ƙofar aji, ko ya tsayar da babur a bayan na wani ta yadda ba zai fita ba sai ya ja na mutane. Bai kuma sa kowa ya tare hanyar da ɗalibi mai keken guragu ko makaho zai bi ba. Bututun da aka bari da zafi a bakin hanya, yaro mai talla ne yakan goga ƙafarsa a jiki, ya tafi da tabon da ba zai goge ba. Wurin da ya yi kaɗan shi ya fi buƙatar tsari: a jeru fuska ɗaya, a bar tazarar da mutum zai iya tsayawa tsakanin babur da babur, a bar hanya a buɗe.

Mu da muke nazarin harshe mun san abin da jama'a ke yi wa dariya da abin da suke yi wa tsawa su ne ke nuna abin da suka ɗauka da muhimmanci. In mun ga wanda ya faɗi, mu kai masa hannu kafin baki. In mun ga wanda ya yi ajiyar da za ta cuci wani, mu gaya masa cikin ladabi, ko da malaminmu ne, domin girmansa ba zai hana ƙarfe nutsewa a rairayi ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma daƙiƙa goman da mutum zai ɗauka ya duba ƙasa, ya gwada tsayuwar babur da hannu, ya waiwayi na kusa da shi, ba su taɓa sa wani ya makara darasi ba.